Gaisuwar Buɗe Ƙwarya

Kande ba ta kai rabin gaisuwa ba Jibrilla ya sake ɗaga mata hannu.

"Dakata, Inna. Sabis ya tahi."

Ta sauke sandunan kiɗa a cinya, ta bi shi da harara. Tun hantsi suke zaune a bayan rumfarsa ta cajin waya a kasuwar Sabon Birni, ita da Bilki mai ƙwaryar ruwa da 'yan amshi biyu, sun sha ankon da ba su ƙara sakawa ba tun bikin bara waccan. Wayar tana ɗaure a kan sanda tana kallonsu, shi kuma Jibrilla, wanda ya naɗa kansa manajan ƙungiya ba tare da kowa ya roƙe shi ba, yana zagaya ta yana tsaki.

"Na Nijar na ya shigo ya kore namu," in ji shi. "Yanzu za shi dawo."

Abin da ya taso su daga Tozai ba ƙarami ba ne. Damina biyu ke nan ruwa yana yi wa ƙasar Gobir rowa, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Wanda rumbunsa ba komai ba ya kiran masu amada. Bikin suna ma yanzu da goro da addu'a ake sallamar mutane. Wada mijin Bilki ya riga ya yi magana da direba, za su tafi Kudu ci-rani da iyalinsa, sai fa idan wani aiki ya fito a wannan fitar. Kande kuwa ta san idan hannun Bilki ya bar ƙwaryar ruwa, ƙungiya ta mutu, domin ita murya ce ƙarfinta.

Dabarar Jibrilla ita ce a yi wasa kai tsaye ta waya, ya rubuta lambarsa a ƙasan hoton, masu kallo daga birane su aiko da abin hannu ko su kira su biki. Da baki abin ya yi daɗi. Matsalar ita ce Kande ba ta buɗe ƙwarya sai da gaisuwa: ta fara da sunan Allah da salati, ta gai da gari, sannan ta bi matan da suka riƙe kiɗan ɗaya bayan ɗaya, har ta dire kan Uwa ta Burkusuma, wadda ta koya mata ta kuma bar mata ƙwaryar da za ta rasu. Haka ta tarar, haka take yi. Idan kuma aka katse ta, ba ta ɗorawa daga tsakiya, sai ta koma farko.

Sabis ya dawo. Ta koma farko. Jibrilla ya dafe kai.

"Inna Kande, don Allah don Annabi, ki hwaɗa waƙa kai tsaye. Mutanen ga ba su jira. Da ɗan yatsa suka ture mutum su wuce. Ɗazu an taru, kina cikin gaisuwa sunka watse, saura mutum guda."

"To shi gudan ba mutum ba na?"

"Wata ƙila barci ya kwashe shi ya bar waya kunne!"

"Ni dai ban taɓa shiga gidan mutane ba sallama ba. Ka ce in yi waƙa, ban ga huskar kowa ba, ban san ɗiyar wa nika yi ma ba, kuma gaisuwar ma ka hana ni?"

Ta sake ɗauko abinta daga farko. Tana gab da matan ƙarshe wayar ta yi zafi ta ɗauke. Jibrilla ya kwance ta ya shiga yi mata fifita da kwali, irin fifitar da ko uwarsa bai taɓa yi wa ba. Su kuma da suke gasuwa a rana tun safe ba wanda ya tambaye su.

Ga kuma ruwa. Ƙwaryar Bilki a kife take cikin baho, kuma sai ruwa ya ɗauke ta take ba da wannan amon mai zurfi da ke sa mata tashi rawa. Da safe suka sayi jarka ɗaya a hannun mai amalanke, da tsadar da sai da Kande ta tambaye shi ko daga Makka ya ɗebo. Rana ta sha nata, tsagar da ke gindin bahon ta sha nata, wata akuya ma ta lallaɓo ta sa baki lokacin da suke sallar azahar. Zuwa la'asar ƙwaryar ta fara taɓa ƙasa, amonta ya koma kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa.

Bilki dai kiɗanta kawai take yi duk yinin. Sai da Wada, wanda ya biyo su kasuwar, ya leƙo daga bakin rumfa ya ce mata direba yana son amsa kafin magariba, sannan ta dubi Kande ta sunkuyar da kai. Wannan kallon ya fi duk surutun Jibrilla yi wa Kande ciwo.

"Kunna abinka," ta ce. "Za ni yi yadda kaka so."

Ta tsallake gaisuwa ta faɗa waƙar da ta fi zafi. Abin haushi, sai ga shi ya yi aiki. Jibrilla ya fara tsalle, wai mutane suna shigowa, wai ga zukata suna tashi a fuskar waya.

"Zukatan nan ana awon gero da su?" in ji ɗaya daga cikin 'yan amshi a tsakanin baiti.

Suna cikin haka hoton ya tsaya cak. Kira ne ya shigo, lambar Nijar. Jibrilla ya ɗauka a fusace, ya saurara, sai fuskarsa ta canza. Ya buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji, ya miƙa wa Kande.

"Ke ta Kande?" Muryar mace ce, kuma ba da wasa ta zo ba. "Ni ta Fadima, ɗiyar Uwa ta Burkusuma, nan Maradi nike aure. Tun sahe nike riƙe da wayag ga, ko tuwon rana ban ɗora ba. Duk kin taho kusa ga sunan innata sai abu ya yanke, in ce bari ta sake. Ɗiyata za ni aurarwa bayan Salla, na ce in na ji kin kai sunanta ku za ni kira. Shi na yanzu da mutane sunka taru kinka jefar da ita?"

Kande ta ji kunya ta rufe ta har wuya. Ta tuna Fadima sarai, 'yar siririyar yarinya mai zama bayan Uwa tana riƙe mata zane. Ta juya ta dubi Jibrilla.

"Ga mai barcinka nan."

Jibrilla ya sosa ƙeya. "Inna, ki ba ta haƙuri mu koma, mutane na can suna jira, in munka daɗe watsewa za su..."

"Su watse."

Ba ta mayar masa da wayar ba. Ta aje ta a kan tabarma kusa da bahon, kiran yana nan a buɗe, ta gyara zama.

"Fadima, kina ji na? Kada ki kashe. Daga hwarko za ni ɗauko."

Ta ɗaga sanda, Bilki ta buga, ƙwaryar ta ce ƙwas a kan busasshen gindin baho. Suka dubi juna. Mai amalanke ya daɗe da tashi, kasuwa ta fara watsewa, ga Wada tsaye a bakin rumfa yana jiran amsarsa.

Bilki ta jawo jakarta ta fito da gorar ruwan da ta tanada don hanya. Ta kwance murfin ta juye shi duka a bahon, a hankali, har ƙwaryar ta ɗago ta fara lilo. Ba ta ko waiwayi Wada ba.

"Bisimilla, Inna," ta ce.