Tanar Roba

Malam Salihu ya cire murfin gwangwanin ya miƙo masa. Hashim ya leƙa sau ɗaya ya ja da baya har ya taka tabarmar mai igiya da ke gefe. Tana ce cike da gwangwanin, jajaye, sun cukuikuye juna a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa suna ta mutsu-mutsu.

"Rufe, Malam, don Allah rufe."

"Ikon Allah," in ji Malam Salihu. Dattijo ne da ya daɗe yana sayar da ƙugiya da koma da dalma a wani lungu na Kasuwar Kurmi, amma bai taɓa ganin mai neman kifi yana gudun tana ba. "Kai da ka ce kamun kifi za ka je? To da me za ka yi wa kifin koto, da sallama?"

Hashim sai goge tafin hannunsa yake a jikin riga kamar ya taɓa abin. Shi mai wankin hula ne a Zaitawa. Hannunsa kullum cikin sabulu da sitati yake, kuma tun yana ƙarami aka san shi da ƙyanƙyami. Ko ƙuda ne ya sauka a bakin kofinsa, to shi da wannan shayin sai wata rana.

Ba sha'awa ce ta kawo shi ba. Kakarsa ce, Ya Kaka, kwana uku ke nan ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa, ga magungunan da aka ba ta ba a shan su da yunwa. Likita ya ce in ta kai gobe da safe a haka, sai a kawo ta a kwantar a yi mata ƙarin ruwa. Ita kuwa ta rantse in aka kai ta asibiti ba da ƙafarta za ta dawo ba. Abu ɗaya ta ce ranta yana so, farfesun tarwaɗa. An kawo na ƙanƙara ta ce gawar bara ce. Jiya Hashim ya sayo mai rai a kasuwa, ta shinshina romon ta ture kwanon, ta ce wannan na gidan gona ne, wanda ake ɗura wa abinci kamar kajin turawa. A bakin tafki aka haife ta, can wajen Baga, ba a yi mata wayo a kan kifi. Wanda ya nemi abincinsa da kansa take so, a ciro shi yau da ƙugiya.

"Babu wani abin da ba ya motsi?" Hashim ya tambaya a hankali.

Malam Salihu ya dube shi, ya yi ɗan tsaki, sannan ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin benci ya zazzage. Ledoji ne masu sheƙi, kowace da 'yan halittun roba a ciki. Akwai mai kamar jatan lande har da gashin baki, akwai ɗan kifi fari mai ƙyalli da jela mai rawa, akwai tana doguwa launin ƙasa, akwai kuma wani ƙarfe mai siffar cokali. A jikin ledar an yi hoton wani Bature tsaye a kan yashi ya ɗaga ƙaton kifi yana dariya.

"Daga Ikko aka kawo min su," in ji Malam Salihu. "Na inda kogi yake shiga teku ne. Can ruwan garau yake, kifi da ido yake farauta. Sabon shiga, sun ce ya fara da ƙarami mai laushi, kada ya sa dalma mai nauyi. Ka jefa, ka bari ya nutse, ka riƙa ja kana sakewa kamar abin yana da rai. Ni dai abin da aka gaya min ke nan. Shekara biyu suna nan, ko ɓera bai taɓa su ba."

Hashim ya ɗauki tanar robar da yatsu biyu. Ba ta motsa ba. Ya kai hanci, ƙamshin sabon silifa take yi. Nan take ya ji ransa ya kwanta mata.

"Wannan. Da jatan landen."

"Kifin Kano ya taɓa ganin jatan lande?"

"Ai sai ya gani yau."

Dattijon ya ɗaura masa ƙugiya a zaren roba, ya haɗa masa da sandar gora. Ya ce in da da sassafe ne da sai ya ce ya tafi dam, amma yanzu azahar ta kawo kai, kafin ya sami mota ya isa rana ta tafi. Gara ya je kududdufin da ke bayan Gwale, ya nemi wani Shehu, shi kullum yana can.

Tun daga bakin lungu warin ya tare shi. Hashim ya sha wucewa ta wajen a babur yana toshe hanci, amma bai taɓa tsayawa ya kalli ruwan ba sai yau. Kore ne shar a tsakiya, baƙi a gefe. Ledoji da robobin lemo sun yi masa rawani, ga wata mushen kyanwa ta kumbura tana shawagi kusa da kainuwa. Ya tofar da yawu, ya sake tofarwa.

Shehu yana zaune a kan wata tsohuwar taya, ƙafafunsa cikin laka har idon sawu, yana cin gyaɗa da hannun da yake sa koto. Siriri ne, ya manyanta, haƙoransa jajir da goro. Ya kalli farin yadin Hashim, ya kalli ledar da ke hannunsa.

"Daga gidan rediyo kake, ko ɗaurin aure ka ɓata hanya?"

Hashim ya gaishe shi da ladabi, ya gaya masa wanda ya turo shi da abin da ya kawo shi. Shehu ya ce Allah ya ba ta lafiya, ya nuna masa wani dutse ya ce ya tsaya a kai.

Hashim ya soka jatan landen a ƙugiya ya jefa. Ya bari ya nutse, ya ja, ya saki, ya ja, yadda aka koya masa. Abin da ya fara fitowa tsumma ne. Na biyu ledar ruwa. Na uku ya yi nauyi har gabansa ya faɗi don murna, da ya ɗago sai ga famfas ɗin jariri yana ɗiga. Ya yar da sandar ya juya baya yana kakari.

Shehu ya yi dariya har da buga cinya. "Wannan ai na goyo ka kamo! Maida shi ya girma."

Hashim ya sa kara ya zare abin, ya canza zuwa tanar roba. Har aka kira la'asar ko taɓawa ba a yi ba. Ya je masallaci ya dawo, a lokacin Shehu ya ciro kifi na huɗu yana jefawa a bokiti.

"Kawo in gani," in ji Shehu. Ya juya tanar a hannunsa, ya shinshina. "Malam, a ruwan nan ko kai ka shiga ba za ka ga tafin hannunka ba. Tarwaɗa da gashin baki take neman abinci, wari take bi. Kai kuma ka kawo mata abin da ba ya warin komai sai kanti. Wanda ya yi wannan bai san da mu ba."

"To ka sayar min da ɗaya daga naka mana."

"Waɗannan 'yan ƙanana? Duk ƙaya ne, kuma na mai tuwo ne, tun safe ta aiko. Manyan suna can ƙasa, wajen bakin kwata. Bari ka gani."

Ya jawo wata robar fenti ya buɗe. Hashim ya ɗauka ya gama jin wari a duniya, ashe bai fara ba. Hanjin kaji ne da ya kwana uku a rana, ya narke ya yi ruwa, tsutsa fara fat tana yawo a kai. Hawaye ya cika masa ido.

"Tunda ba ka iya taɓa mai rai, sai a yi sulhu," in ji Shehu. "Robarka tana da kyau waje guda, ba ta zamewa daga ƙugiya, ƙananan ba sa iya tsinke ta. Tsoma ta nan ta sha. Ka cusa da yatsa, ka murza, in ba haka ba ruwa zai wanke."

"Ba za ka taimaka ka..."

"Kakata ce?"

Hashim ya tsaya. Ya tuna yadda ya bar ta da safe, ta juya fuska bango, wuyan hannunta kamar sillen kara. Ya naɗe hannun riga, ya ɗauke numfashi, ya rufe ido ya tsoma. Abin da ɗumi. Wani abu ya yi motsi a tsakanin yatsunsa. Ya yi salati a zuci ya murza, ya murza, sannan ya zaro hannun ya riƙe shi nesa da jikinsa kamar na aro.

Ya jefa daidai inda Shehu ya nuna, inda kwatar unguwa take zubowa da baƙin ruwa mai kumfa. Wannan karon bai ja ba, aka ce ya bari ta kwanta. Ba a daɗe ba zaren ya miƙe, gorar ta lanƙwasa. Shehu ya tashi tsaye yana ihu, "Kada ka saki! Ja gefe, gefe na ce!" Dutsen ya zame wa Hashim, ya afka cikin laka har gwiwa da farin wandonsa, amma bai saki ba. Tarwaɗa ce baƙa ƙirin, ta kai tsawon damtsensa, tana wani gurnani. Ta haɗiye robar har maƙogwaro, sai da ya danne kanta da gwiwa ya zura yatsu cikin bakin mai yauƙi ya ciro.

A hanya duk wanda ya gifta sai ya waiwaya. Hashim yana tafe yana kallon ledar da ya sa kifin, yana tuna bakin kwatar nan. Sau biyu yana tsayawa kusa da bola. Ya ce a ransa, wannan ƙazantar zan ba mara lafiya? Sai kuma ya ce, in ban ba ta ba, me zan ba ta? Ya ci gaba da tafiya.

Ƙanwarsa Ummulkhairi tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta toshe hanci da mayafi.

"Yaya Hashim! Masai ka faɗa?"

"Ɗora ruwan zafi."

"Daga ina kifin?"

"Daga ruwa. Ɗora dai."

Bai bar ta ta taɓa ba. Da kansa ya zuba masa ruwan zafi, ya murje yauƙin da toka, ya farke cikin. Abin da ya gani a ciki bai gaya wa kowa ba, ya dai tattara ya kai bayan gida ya zuba, ya daɗe a can. Ya dawo ya wanke naman da gishiri, ya wanke da lemun tsami, ya sake da toka, har Ummulkhairi ta ce in ya ƙara sau ɗaya ƙaya kawai za ta rage. Ya ce ta dafa shi ya dahu, ya sake dahuwa, ta cika citta da masoro. Shi kuma ya shiga wanka ya ƙarar da rabin sabulu, ya fito yana shinshina farcensa, warin yana nan.

Kafin magariba aka kai kwanon ɗakin Ya Kaka. Hashim ya tsugunna daga bakin ƙofa. Tsohuwar ta juyo a hankali, hancinta ya motsa. Ta ce a tashe ta. Ummulkhairi ta jingina ta da filo, ta buɗe kwanon. Ya Kaka ta daɗe tana kallon naman, ta sa yatsa ta danna.

"Wannan ya yi yawo," ta ce. "Dubi tsokarsa. Wannan shi ne kifi." Ta ɗago ta hango shi. "Kai ka kamo, maigidan? Kai da ko ƙwai ba ka iya fasawa?"

"Ni ne, amarya. Ki ci ki sha magani."

Ta ɗauki cokali. Hashim ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. Sai ta tsaya, ta ajiye cokalin, ta tura kwanon tsakiyar tabarma.

"A garinmu mace ba ta riga maigida sa hannu. Matso. In ba ka ci ba, ni ma na ƙoshi."

"Na ci abinci a waje, Ya Kaka."

"To a rufe a kai wa almajirai," ta ce, ta fara zamewa za ta kwanta.

Ummulkhairi ta zuba masa ido. Hashim ya kalli romon, mai ya taso a kai yana sheƙi kore-kore. Ya matso ya tanƙwashe ƙafa. Ya Kaka ta sa hannu ta zaɓo masa kan, ta ce nan ne daɗin yake. Ya yi bismilla.