Gautan Maman Vicky

"Ciyaman, har da wannan kunyar za a cire?" in ji Emmanuel, yana riƙe da fartanya.

Baba Nuhu, shugaban ƙungiyarsu, ya tsaya ya dubi kunyar. Gauta ne, 'ya'yansa ƙanana, ko ƙwan zabo ba su kai ba. Kowa a ƙungiyar lambu ta Makera ya san na Maman Vicky ne. Daga ƙauyensu can wajen Kafancan ta zo da irin tun tana amarya, kowace shekara tana barin wasu su nuna su yi ja, ta shanya, ta adana na baɗi. Bana ɓera ya yi mata ɓarna, ɗan abin da ya rage shi ta zuba a nan.

To amma tallafi ya zo. 'Yan ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan masaƙa ne da matan da mazansu suka rasu, irin su Maman Vicky da Abigail, sun daɗe suna jan ruwa da bokiti daga rafi har bayansu ya ƙage. Yanzu wata ƙungiya daga Abuja ta ba su injin ban ruwa da wayar shinge, da sharaɗin filin ya koma wurin renon itatuwa, layi-layi, kuma za a zo a duba. Baba Nuhu ya ga duniya, ya san masu zuwa dubawa. Ba sa tambayar tarihin kunya, hoto suke ɗauka su shiga mota.

"Cire," ya ce. "In ta fito daga asibiti, ni zan yi mata bayani."

Ta fito, amma ba irin fitowar da yake nufi ba. Likitoci sun ce a kai ta gida ta huta, kuma duk wanda ya manyanta ya san fassarar wannan hutun.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Da yamma ya leƙa, ya tarar matan zumuntar coci sun gama waƙa suna fita, kowace tana goge ido da bakin zane. Maman Vicky tana kwance a falo kusa da taga, ta koma kamar yarinya a cikin bargo.

"Ciyaman na Abuja," ta ce, murya can ƙasa. "An ce yanzu inji ke yi muku aiki. Tumbinka zai ƙaru."

"Ke dai tashi ki zo ki gani, Mama."

"Bakina ba ya karɓar komai. Vicky ta dafa wannan, ta dafa wancan, duk kamar takarda. Gautana nake so. Guda ɗaya, in ji ɗacin nan na gida. Yanzu ai sun isa ci."

Bayanin da ya yi alkawari ya zo masa har maƙogwaro, ya koma.

"Gobe," ya ce.

Da gari ya waye ya je bayan shinge inda aka watsar da ciyayi da gautan da aka cire, ya tona da sanda. Awaki sun riga shi. Sai ya hau keke mai ƙafa uku zuwa kasuwar Sabon Tasha, ya bi masu gauta tire-tire, yana ɗanɗanawa yana tofarwa, har wata mai sayarwa ta ce, "Baba, saye ka zo yi ko karin kumallo?" Ya zaɓi ƙanana masu ratsin kore, waɗanda suka fi kama. A hanya ya yar da ledar, ya zuba su a aljihu, ya ɗan shafa musu ƙasa.

Vicky, 'yarta, ta wanke ɗaya ta kawo a faranti, ta tallafo kan uwar. Maman Vicky ta gatsa kaɗan. Ta daɗe tana taunawa, idonta a rufe. Baba Nuhu yana kallon silin.

"Nuhu," ta ce. Rabon da ta kira sunansa haka tun mijinta na da rai. "Har Sabon Tasha ka je?"

Ya sauke idonsa daga silin zuwa farantin.

"Duka aka cire?"

"Duka, Mama."

Ta sake lumshe ido, har ya zaci barci ya ɗauke ta. Can ta ce, "Injin dai yana jan ruwa sosai?"

"Yana ja."

"To. Bayan Abigail zai huta." Ta juya fuska wajen bango. "Ka yi ƙoƙari. Kuɗin mota ma ya yi tsada yanzu."

Da ta zage shi, da ya fi masa sauƙi.

Kafin azahar ta washegari kuka ya tashi ta bayan katanga. Ya shiga ya tarar maza suna fitar da kujeru, ana maganar motar da za ta kai ta ƙauye a binne ta kusa da mijinta. Ba wanda ya kula da shi. Ya zauna a bakin taga, hularsa a gwiwa.

Farantin yana nan inda aka ture shi. Gautan na ciki, da gurbin haƙoranta a gefe guda, wurin ya fara yin baƙi.