Mutanen Gefen Hoto

Hoton bai fi tafin hannu ba. Wani mai ɗaukar hoto daga Kano ne ya ɗauke shi a shekarar da aka ce wa mutanen tsohon gari su kwashe nasu ya nasu, ruwan madatsar Tiga yana tafe. Mutum ashirin da uku ne a jere a gindin tsamiya, maza a tsakiya, mata sun rabu gefe da gefe. A can ƙarshen hagu akwai wata yarinya rungume da tulu. Ita ce Iya Kyauta, kakar Hamdiyya, wadda yanzu sai an kai mata abu dab da hanci take gani.

Da ƙungiyar 'ya'yan tsohon gari ta gama ginin ɗakin taronta a Tudun Wada, aka yanke shawarar a ƙara wa hoton girma a rataye shi ranar buɗewa. Alhaji Mas'ud, shugaban ƙungiya, shi ya kawo shi shagon gyaran hoto na Hamdiyya, ba don ya yarda da aikinta ba, sai don an tuna masa cewa 'yar gida ce. Har da firam ya zo. Tuni ya sa kafinta ya auna filin da ke tsakanin taga da ƙofa, daidai bayan kujerarsa, aka ƙera shi dogo siriri, faɗi ƙafa biyu, tsayi ƙafa huɗu.

Hamdiyya ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, sannan ta dubi firam ɗin ta dubi hoton. A ranta ta ce, an ɗinka wando kafin a ga mai ƙugu.

Ta yi masa bayani a tsanake. Hoton a kwance yake, faɗinsa kashi uku, tsayinsa kashi biyu, firam kuwa a tsaye yake. Ko dai a kwantar da firam, ko a bar fili sama da ƙasa, ko a yi sabo mai ƙafa uku a faɗi, biyu a tsayi, wanda shi ne iyakar girman da tsohon hoto irin wannan zai ɗauka bai dushe ba. Alhaji ya ce in an kwantar ba zai shiga bayan kujera ba, in an bar fili kuma mutane za su ce ƙungiya ta gaza. Ya ɗora yatsu biyu a kan hoton, ya rufe hagu da dama.

"To ki yanke nan da nan. Ai mata ne a gefen."

"Baba Alhaji, mutum goma sha ɗaya ne a ƙarƙashin yatsunka. Ba zan yanke su ba."

Ya yi dariyar da bai buɗe baki ba, ya ce daman an gaya masa boko ba ya barin kan 'ya mace daidai. Ya ɗauki hotonsa ya tsallaka titi wajen Surajo. Abin da bai sani ba, ta riga ta kwafe shi a kwamfuta tun yana gyara zama.

Surajo shi ne mai buga fastocin biki, wanda in hoto ya ƙi cika takarda sai ya kama gefe ya ja. Amare nawa ya mayar wa kai kamar gwanda, kuma babu wanda ya taɓa yi masa ƙorafi. Shekara uku ke nan da Hamdiyya ta dawo da difilomarta ta buɗe shago, tana kallon mutane suna wuce ƙofarta su je su yi layi a wajensa. Ta ji ana cewa kwamfuta a hannun mace ado ce. Ta shanye. A wannan makon ma ta shanye: kawunta ya kira ya ce ta je ta ba Alhaji haƙuri, mahaifiyarta ta kwana biyu ba ta amsa mata gaisuwa da kyau. Ba ta musa wa kowa ba, kuma ba ta je ba. Ta zauna tana goge tabon ruwa da zanen ninki daga fuskoki ashirin da uku, ɗaya bayan ɗaya.

Ranar buɗewa aka yaye ƙyalle. Surajo bai bar komai ba, ya yanke kuma ya ja. Dattawan tsohon gari sun miƙe zalau-zalau kamar karan dawa, fuskokinsu sun narke, hulunansu sun yi tsini. Daga gefen hagu babu abin da ya rage sai gwiwar hannun wata mata. Maza suka yi ta tafi da sa albarka, wani ma ya ce kamar su yi magana.

Mata suna waje a kan tabarmi, a inuwar bango. Hamdiyya ta sauko da nata daga kan babur, ƙafa uku da biyu, ta buga ƙusa a bangon ta rataye shi ba ta tambayi kowa ba. Tsofaffi suka taso. Wannan ta nuna yayarta, waccan ta gane surukarta. Iya Kyauta ta kai hancinta har yana taɓa gilashi, ta bi jerin a hankali har ƙarshe, ta tsaya. Ta ce tulun nan ita ta fasa shi a hanyar ƙaura, ta sha duka a kansa. Aka kwashe da dariya.

Dariyar ce ta fito da Alhaji Mas'ud. Ya ce wa Hamdiyya bangon ƙungiya ba allon tallan shagonta ba ne, ta sauke shi yanzu. Hamdiyya ta sunkuyar da kai cikin ladabi, ba ta motsa ba.

Iya Kyauta ba ta ko juyo ba. Ta dafa firam ɗin da tafin hannu.

"Mas'udu, kana goye a bayan uwarka aka tashe mu daga can. Sau ɗaya ya isa. Koma wajen dogayen mutanenka."

Ya gyara babbar rigarsa, ya koma ciki. Hamdiyya ta ƙara wa hoton ƙusa ta biyu.