Tagwayen Faran Dubu

Duk ranar Lahadi masu tara tsofaffin kuɗi a garin Charleroi na ƙasar Beljiyam kan haɗu a ƙuryar wani gidan giya, su baje takardun faran, tsohon kuɗin ƙasar da yuro ya kora, su yi ta musu har soyayyen dankalinsu ya huce.

Firmin, ɗaya daga cikinsu, ya tsani Lahadi, kuma Odilon ne sanadi. Tare suka yi aiki a masana'antar gilashi tun suna samari, amma yau Odilon ake ja wa kujera, shi ake miƙa wa takarda a ce ya duba. Firmin kuwa ko tari ya yi ba mai waiwayowa. Ƙyashi ke cin sa, ya kuma san ƙyashi ne, sai dai sanin bai rage masa komai ba.

Abu guda ya rage masa na tinƙaho. Wata ranar albashi can baya, suna layi Odilon na bayansa, aka ba kowannensu sabuwar takardar faran dubu, lambobinsu na bin juna. Kowa ya adana tasa cikin leda. Guda ɗaya ba wata tsiya ba ce, amma biyun a haɗe tagwaye ne da kowane mai tarawa ke haɗiyar yawu a kansu.

Kwatsam Odilon ya bugo waya. "Mutumina, ka zo da taka ran Lahadi."

Firmin ya ajiye waya zuciyarsa na tafasa. Wato ɗan abin da ya rage masa ma sai an haɗiye? Har ya hango tagwayen a gaban Odilon ana ta tafi.

Ranar Lahadi ɗaki ya cika. Odilon ya ce, "Tsoho mai rowa, ka kawo ta kuwa?"

"Ga ta. Kalle ta da kyau."

Firmin ya zaro ta daga leda, ya ninke ta biyu a gaban kowa, ya bi ninkin da farce. Wani har da dafe kai. A wajen waɗannan mutane, takardar da aka ninke ko sau ɗaya ta tashi daga aiki.

"To, sai ka haɗa tagwayen naka mu gani," in ji Firmin.

Odilon ya lalubi tebur har ya taɓa takardar, yatsansa ya bi ninkin a hankali.

"Haba, Firmin. Likita ya ce idanuna ba za su kai baɗi ba, lambobin ma na daina ganinsu. Tawa na kawo maka, su zauna wuri ɗaya a hannun wanda ya san inda suka fito." Ya turo masa ledarsa, takardar a miƙe sumul. "Ɗauki mana. Taka ce."

Firmin bai iya taɓa ta ba. Tasa ya buɗe, ya shimfiɗa a tebur, ya yi ta murza ninkin da babban yatsa. Duk ɗakin sun san ninkin ba zai fita ba, amma ba wanda ya iya ce masa ya bari.