Ba Yaji Na Yi Ba

Maikuɗi ya rage gudun babur a daidai inda hanyar Farin Dutse take haɗuwa da ta Gwaram, ya sauke ƙafa ɗaya ƙasa, ya yi gyaran murya ba tare da ya waiwayo ba.

"Matar abokina, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Mu juya."

"Mu juya ina?" in ji Munawwara.

"Gida mana. Aure ɗan haƙuri ne. Ko me aka yi miki, idan Hambali ya dawo za a zauna a gyara."

Sai a lokacin ta gane abin da ya sa yake tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai tun da suka baro ƙofar gida. Ta riga ta faɗa masa cewa mahaifiyarta tana kwance a asibitin Birnin Kudu, ya kuma ce Allah ya ba ta lafiya, amma da irin muryar da ake amsa wa yaro tatsuniya. A ƙauyukan nan, idan aka ga matar aure da sassafe, ƙunshin kaya a cinya, idanu sun kumbura, ba namiji a gaba ba tsohuwa a baya, to sunan tafiyar ɗaya ne: yaji. Kuma tun da ake yaji a duniya ba a taɓa samun wadda ta ce yaji za ta yi ba. Kowacce uwarta ce ba lafiya.

Ita kuwa tata uwar da gaske take kwance. Bayan sallar asuba ƙanwarta Sharifa ta kira ta tana kuka, ta ce Inna Hajjo ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida a Wurno, ɓarin jikinta ɗaya ya shanye, kuma likita ya ce a kira 'ya'yanta. Munawwara ta kira mijinta Hambali, wanda yake aikin dako a Fatakwal, ya ce, "Me kike jira? Kama hanya." Surukinta ya riga ya tafi gona, don damina ce, ba namijin da ke zaman gida. Ta bar wa surukarta yara, ta ƙunshe zannuwa uku da buta da kwano, ta fito. Shekararta tara da aure, ba ta taɓa zuwa ko Gwaram ita kaɗai ba.

"Malam Maikuɗi, ba yaji na yi ba," ta ce. "In ba za ka kai ni ba, sauke ni in taka da ƙafata."

Ya girgiza kai, ya ja babur. A haka suka shiga tashar Gwaram.

Ta yi sa'a, ko kuma ta zaci ta yi. Motar Birnin Kudu tana tsaye, an ɗaure kaya, saura mutum ɗaya. Tana ƙoƙarin kwance bakin zaninta ta ciro kuɗin mota sai ta hango Maikuɗi ya ja ɗan kamasho gefe yana yi masa raɗa, yana nuna ta da haɓa. Ɗan'azumi ake ce wa ɗan kamashon, dattijo ne mai furfura a gemu, wanda ya daɗe da ɗaukar kansa a matsayin alƙalin tashar, ko da yake ba wanda ya naɗa shi.

Ya tako a hankali, ya tsaya tsakaninta da ƙofar motar.

"'Yata, ina zuwa?"

"Birnin Kudu, Baba. Mahaifiyata ce a asibiti."

"Allah ya sawwaƙe. Maigidan ya sani?"

"Shi ya ce in tafi."

"To madalla. Kira min shi mu gaisa."

Ta kira. Wayar a kashe. Ta sake kira, aka sake gaya mata wayar a kashe take. Ta san dalili: wurin dakon da yake yi ba a shiga da waya, sai yamma yake kunna ta. Ta yi wa Ɗan'azumi bayani, ya saurare ta har ƙarshe yana gyaɗa kai, sannan ya ɗaga hannu ya yafito wani mutum mai riƙe da zakaru biyu. Mutumin ya shige, aka ja ƙofa. Munawwara tana tsaye tana kallo motar ta fice daga tasha.

"Ba da ni za a kashe aure ba," in ji Ɗan'azumi. "Bara wani direbanmu ya ɗauki irinki, sai da aka kai mu gaban mai unguwa. Zauna ki huce. Nan gaba gode min za ki yi."

Abin haushin shi ne ba mugu ba ne. Har benci ya sa aka jawo mata ƙarƙashin rumfa. Da zaginta ya yi, da ta san yadda za ta rama, amma mutumin da ya tare maka hanya yana sa maka albarka, ta ina za ka kama shi? Ta zauna, ƙunshin a cinya, zuciyarta tana can gefen gadon da ba ta gani ba. Tsoro ɗaya ne ya cika ta: kada Inna ta cika ba ta ga fuskarta ba.

Labari a tasha ba ya buƙatar mota. Kafin rana ta ɗaga, mai shayi ya sani, mai faci ya sani, masu tallar gyaɗa suna zagayowa suna leƙen fuskarta. Wata mata mai sayar da ƙosai ta matso ta ce mata ita ma sau huɗu ta yi yaji, ba inda ya kai ta. Munawwara ta buɗe baki za ta yi musu, sai ta ga ba amfani, ta rufe.

Can sai wata ƙaramar mota mai baƙin gilashi ta tsaya a bakin titi, wajen tasha. Mai motar ya sayi rake, ya tsaya hira da mai faci, aka nuna masa rumfar. Ya tako yana tauna, ya tsaya kusa da ita fiye da yadda ya kamata.

"Hajiya, an ce Birnin Kudu za ki. Can na nufa, kuma ni kaɗai ne. Ni ba ruwana da tambaye-tambaye." Ya yi ƙasa da murya. "Wanda bai san darajarki ba ai shi ya yi asara."

Wallahi sai da ta miƙe. Motar ga ta nan, hanya ga ta nan, cikin awa ɗaya da 'yan mintuna tana gaban Inna. Ta ɗauki ƙunshin, ta yi taku biyu. Sai ta ga yadda idonsa yake bin ta daga mayafi har ƙafa, ba gaggawa, kamar mai taya akuya a kasuwa. In ka ga kare yana shinshinar takalmi, ɗauka zai yi. Ta kuma lura da wani abu da ya fi ba ta tsoro: duk mazan da suka taru don kare aurenta, ba wanda ya motsa. Motar ba ta tasha ba ce, saboda haka ba ruwansu.

"Na gode. Allah ya kiyaye hanya," ta ce, ta koma ta zauna.

Da ya tafi sai tsoron ya juye ya zama fushi. Ta tashi ta nufi Ɗan'azumi inda yake lodin mota ta biyu, ta kira Sharifa, ta buɗe murya yadda kowa zai ji.

"Yaya, kina ina?" in ji Sharifa cikin kuka. "Tun ɗazu take juya ido wajen ƙofa!"

Ɗan'azumi ya taɓe baki. "Mata ai kuna rufa wa juna asiri. Ba wani namiji a wurin?"

Munawwara ba ta taɓa ɗaga murya a gaban maza ba, amma ranar ta ɗaga. "Sharifa, ki fita waje! Duk namijin da kika gani ki miƙa masa wayar, ko waye!"

Aka ji takun gudu, aka ji hayaniya, sannan wata murya mai kauri ta yi sallama. Wani bawan Allah ne da ya zo duba matarsa. Bai san Munawwara ba, bai san Hambali ba, bai taɓa jin sunan Inna Hajjo ba. Ya ce shi dai ga shi a asibiti, kuma ga wata yarinya tana kuka ta ce uwarsu ba lafiya. Iyakar shaidarsa ke nan.

"To, ai ka ji magana," in ji Ɗan'azumi. Ya buɗe mata ƙofa da hannunsa, ya sa aka ba ta gefen taga. "Ki yafe mu, 'yata. Zato zunubi."

Ta shiga ta zauna. Motar ba ta cika ba sai da aka kira azahar.

A hanya gonakin gero da dawa suna ta wucewa, kore shar, ba ta ga ko ɗaya ba. Amma da suka shiga Birnin Kudu, ta sauka, ta tambayi hanya da bakinta, ta tare babur da hannunta, ta sami ɗakin mata ba wanda ya ja ta, sai ta ji wani abu ya ɗan tsaya mata a ƙirji, mai kama da alfahari. Ta ce a ranta idan Inna ta samu sauƙi za ta ba ta labarin nan tun daga farko.

Inna Hajjo tana kwance an sa mata ƙarin ruwa, bakinta ya karkace, ta ƙanƙance kamar ba ita ce mai surfa kwano goma kafin hantsi ba. Sharifa ta matsa gefe. Munawwara ta durƙusa, ta kama hannun da yake da sauran motsi.

"Inna, ga ni. Na zo."

Idon tsohuwar ya tsaya a fuskarta, ya sauka kan ƙunshin kayan, sannan ya tafi bakin ƙofa ya daɗe a can. Ba wanda ya shigo. Numfashinta ya soma sauri. Ta yi ta kokawa da harshenta har kalmomin suka fito, ɗaya bayan ɗaya.

"Ke... kaɗai? Yaji... kika yi?"

Yatsunta suna tura hannun Munawwara, irin turawar da ke nufin tashi ki koma. Munawwara ta dubi fuskar nan da ta sha wuya ta zo gani, ta ga ba ciwon ne ya cika ta ba, fargaba ce. Tun asuba take faɗin gaskiya ba wanda ya yarda.

"Tare muke da maigida, Inna. Shi ya kawo ni. Yana waje, ba a barin maza su shigo yanzu."

Sharifa ta ɗago ta kalle ta, ta mayar da kai ƙasa. Yatsun Inna suka saki, suka kwanta cikin tafin 'yarta. Numfashin ya lafa.

"Kai masa... ruwa. Ya sha... hanya."

Munawwara ta tsiyaya ruwa a kofi ta fita. A barandar akwai maza birjik, wasu a kan tabarma, wasu a tsaye da ledar magani, ba wanda ta sani. Ta tsaya riƙe da kofin har hannunta ya gaji. Sannan ta juya fuskarta ga bango, ta tsuguna, ta yi bisimilla ta shanye shi tas.

Da ta koma, idon Inna a rufe yake, amma leɓenta ya motsa.

"Ya sha?"

"Ya sha, Inna," in ji Munawwara.