Ƙofar da Hajja Sittana ta toshe

A unguwar Alsawra, tsofaffin maƙwabta sukan huda katangar da ke tsakaninsu su yi 'yar ƙofa, naffaj, don mata su riƙa leƙa juna ba sai sun yafa mayafin tob sun bi ta titi ba. Ranar da Hannatu ta tare a gidan mijinta ta tarar da irin wannan ƙofa, ta kuma tarar da Hajja Sittana tsaye a bakinta.

Tsohuwar ba ta san sallama ba, ƙarar silifas ɗinta kawai za ka ji. Ta buɗe tukunya, ta ɗanɗana, ta yatsine fuska. Hannatu ta shanye duk wannan. Amma da cikinta ya zube, Hajja ta kutsa har ƙuryar ɗaki ta ga magungunan asibiti, kafin la'asar labari ya gama unguwa, har da ƙarin gishiri wai zaman keken ɗinki ne ya jawo. Wallahi akuya ta fi matar nan kunya.

Washegari ta sake faɗowa. Hannatu ta zaunar da ita, ta zuba mata gahawar jabana, ta bari sai da ta kurɓa.

"Hajja, abin da kika gaya wa mutane sirrina ne, kuma ya yi min ciwo. Min fadlik, don Allah, in za ki shigo ki ƙwanƙwasa, ki jira na amsa. Ɗakin kwanana kuma ba na son kowa ya shiga."

"Ya bitti, 'yata, ni? Ni da na goya mijinki? Kalas, an gama!"

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Da safe Hajja ta kira Amjad magini ta ce ya toshe naffaj ɗin. Ta jawo kujera ta kafa a gabansa, tana ɗaga murya don a ji ta, tana jiran yarinya ta zo da kuka ta ba da haƙuri.

Bulo ya kai gwiwa, ruwan kwaɓa ya ƙare, famfon Hajja kuwa ba ya kawowa. Amjad ya leƙa gidan Hannatu a kunyace ya tambaya ko za a samu ko bokiti ɗaya.

Hannatu ta kawo masa biyu, ta haɗa da shayi, ta gaishe da Hajja da ladabi. Sannan ta ce, "Malam Amjad, a sa siminti sosai, damina na tafe."