Inno a Kujerar Baya

Inno ta cika ranar Juma'a bayan sallar asuba, a ɗakinta na unguwar Kurayyat a Jidda. Kafin mata su gama salati, ɗanta Badaru ya gane mutuwar ce mai sauƙi, binnewar ce aiki.

Tun hajjin da ya kawo ta Jidda da shi a goye, Inno ba ta taɓa riƙe takardar zama ba. Shi kansa da ƙyar ya samu iƙama, takardar izinin zama, wajen wani kafili mai sayar da tayal da ya tsaya masa. Maƙabarta ba ta karɓar gawa sai da takardar asibiti, asibiti kuma sai ya tambayi a gidan wa ta zauna shekarun nan. Amsar nan kaɗai ta isa a kwashe Badaru da 'ya'yansa zuwa ƙasar da ba su taɓa gani ba. Wasu kan ajiye mamacinsu a ƙofar masallaci su sulale, amma a cikin gari ƙarshen wannan firjin asibiti ne, wata da watanni. Badaru ya rantse uwarsa ba za ta kwana a firji ba.

An ce masuntan kudu, ta hanyar garin Lis, in suka tsinci gawar Musulmi binnewa suke, ba sa tambaya. An ce. Mu dai a garin nan da "an ce" muke rayuwa.

Ƙanwarsa Saudatu da matarsa Mastura suka yi wa Inno wanka, suka sa mata likkafani, suka ɗora abaya da niƙabi a kai. Aka zaunar da ita a kujerar baya tsakaninsu. Badaru ya ɗaure tabarma a saman mota, ya ajiye butar shayi inda za a gani, don Juma'a ce, kowane mai iyali bakin teku yake nufa.

Da gidaje suka ƙare sai rairayi a hagu, fari fat, da ƙaya da raƙuma jefi-jefi. A dama teku na leƙowa yana ɓuya bayan fakon gishiri. Inno ta tsufa a garin da ke bakin ruwan nan, amma sayar da gyaɗa a kasuwar Balad bai taɓa barinta ta zauna ta kalle shi ba. Duk ramin da mota ta faɗa, kanta sai ya kwanto a kafaɗar Saudatu.

"Yaya, ka rage gudu," in ji Saudatu. "Tana zamewa."

A shingen bincike ɗan sanda ya duba iƙamar Badaru, ya leƙa baya. Mace mai niƙabi ba a buɗe mata fuska, wannan suka dogara da shi.

"Hajiya barci take?"

"Ta gaji."

"Allah ya ƙara mata lafiya. Yalla."

Badaru ya amsa da amin, ya ja mota.

Rana ta kusa tsaka suka iske wani ƙauye, 'yan bukkoki da jiragen kamun kifi a kife da ƙaramin masallaci. Ba kowa a waje. Suka cire wa Inno abayar, suka shimfiɗe ta a inuwar bango. Badaru ya kai matan bayan wani tudu, ya dawo da ƙafa kamar matafiyin da sallah ta riska.

Ya tarar an kewaye ta. Limamin, wani tsoho mai jan lalle a gemu, ya ɗaga murya da Larabci: "Akwai wanda ya san baiwar Allah nan?"

Idonsa ya tsaya kan Badaru, ya daɗe. Amma tun Badaru na yaro Inno da kanta ta koya masa cewa in Balarabe ya tambaye ka naka, ba ka san shi ba. Bakinsa ya riga zuciyarsa.

"Ban san ta ba. Wucewa nake."

Liman ya sunkuyar da kai, ya tura ladan zuwa gidan mai ya buga wa hukuma waya. Aka yi Juma'a, aka yi mata sallah, Badaru yana sahun baya cikin baƙi.

Suna sa takalma liman ya matso kusa da shi, ya yi ƙasa da murya.

"Da tana da ɗa ko ɗan'uwa da zai ce tasa ce, da yanzu mun haƙa. Ba ita ce ta farko ba. Amma gawar da ba ta da kowa, ɗana, ta hukuma ce, ba mu san abin da ya kashe ta ba."

Badaru ya buɗe baki zai ce tasa ce, amma motar 'yan sanda ta riga ta sauko daga kwalta, ta asibiti na biye.

Da ya koma bayan tudu, Saudatu ta tambaye shi ko an rufe ta. Ya tada mota. Hanyar Jidda ɗaya ce, don haka suna hawa kwalta farar motar asibitin ta bayyana a gabansu. Bai iya wuce ta ba, bai kuma iya tsayawa ba. Haka suka bi bayanta har cikin gari.